Rigar da Ba a Yanka Ba

Ranar kasuwa ce labarin ya iske ni. Na sauka gari sayen zare, ja da shuɗi, domin akwai saƙa a jikin itace da ban gama ba. Da rana ta take muka hau a-kori-kura muka kamo hanyar gida, ni da wasu mata da kaji da buhunan taki. A kwanar ƙarshe kafin ƙauyenmu na hango maƙwabciyata Toribia tsaye a bakin hanya, ta rufe kai da mayafi, ƙafarta ba takalmi. Ta ɗaga wa direba hannu.

Ta ce, "Nan Candelaria, sauko." Nan ake kiran dattijuwa a wurinmu, kamar a ce inna.

Na ce, "In sauka a nan? Kin manta da gwiwoyin nan nawa? Bari ya kai ni bakin coci."

Ta ce, "Sauko dai, comadre. Kawo kayan in riƙe miki." Comadre kiran zumunci ne tsakanin aminai a wurinmu, namiji kuma compadre.

Tun da na san Toribia ba ta taɓa karɓar wa kowa kaya ba, ko nata ma neman mai ɗauka take yi. A nan jikina ya ba ni. Na sauka, motar ta wuce, ta kama hannuna biyu ta ce, "Fermina ce." Na gane 'yata ta rasu. Fermina ita kaɗai Allah ya bar mini cikin 'ya'yan da na haifa.

Ya 'yan uwa, an ce in faɗi wani abu a ranar Lahadin da Fada, limamin cocinmu, ba zai samu hawowa ba. Ban iya wa'azi irin na masu karatu ba. Abin da na sani zan faɗa, kamar yadda na gani da yadda waɗanda suke wurin suka gaya mini.

An yi wani mutum a ƙauyen nan. Ba zan kira sunansa ba. Manyanku sun san shi, yara kuma ba sunan ne zai amfane su ba. Mijin 'yata ne.

Ba ɓarawo ba ne. Ba ya dukan mace, ba ya kwana a gidan giya. Gonarsa ta fi ta kowa tsafta, kuma in an ɗauko gunkin waliyyinmu ranar biki shi ne a gaba. A shekarar da nake ba ku labari shi ke riƙe da sandar shugabancin ƙauye, mai kan azurfa. Ciwonsa ɗaya ne. Yana son a gan shi a tsaye, kuma in ya faɗi magana a gaban mutane, ko ya gane daga baya kuskure ce, ba zai janye ba.

Kun san nisanmu da asibiti. In mutum ya faɗi a nan, kafin motar asibiti ta gama hawa dutsen nan an riga an aika a buga ƙararrawar mutuwa. Haka mijina, uban Fermina, ya faɗi a gona yana tsakiyar shuka, ba ciwo ba komai. Zuciyarsa ce ta tsaya.

To, sai wata ƙungiya ta kawo mana akwatin nan da kuke gani a bangon zauren taro, kusa da wurin wanki. Na'ura ce mai tayar da zuciyar da ta rikice da bugun lantarki. Wata ma'aikaciyar jinya, Seño Griselda, wato Malama Griselda, yarinya ƙarama mai gajeren gashi, ita ta zo da shi. Ta ce ba a sa masa kwaɗo, na kowa ne. Ta ce in mutum ya faɗi ba ya numfashi, wani ya fara danna ƙirjinsa, wani ya ruga ya ɗauko akwatin. Na'urar tana magana da bakinta, ita za ta gaya maka abin yi. Abu ɗaya ne ba ta yafewa, jinkiri. Ta roƙi a ba ta mutanen da za ta koya wa, ta kuma ce a zaɓo waɗanda ba sa barin ƙauye.

Wa ne ne ba ya barin ƙauyen nan? Kun sani, na sani. Da an gama girbin masara mazanmu masu ƙarfi sukan sauka bakin teku yankan rake, ba sa dawowa sai gab da shuka. Mu mata muke zama, da tsofaffi, da yara.

Fermina ce ta fara cewa tana so. Ina zaune a gidansu ranar, tana gasa tortiya, wainarmu ta masara, a kan kasko, ta ce masa, "Ka sa sunana. Da akwai abin nan lokacin Baba, wa ya sani?"

Ya ce, "Sunanki? Ki durƙusa a tsakiyar gari ki buɗe rigar wani ƙato ki hau danna masa ƙirji? Matar mai riƙe da sanda?"

Ta yi dariya ta ce, "Ƙaton da ya mutu rabi, me zai yi mini? Kai ma in ka faɗi ai ni zan danna."

Ya ce, "Ni ba na faɗuwa." Ya ajiye kofin kofi ya fita.

Da aka yi taro ya miƙe da sandarsa ya ce wannan aikin maza ne, matan ƙauyen nan masu kunya ne, ba za a ɓata su ba. Maza suka tafa. Ya zaɓo abokansa da ƙannensa, duk masu yankan rake. Seño Griselda ta yi magana, ya ce mata a nan ba birni ba ne.

Ranar koyarwa aka kawo wani mutum-mutumin roba, ba hannu ba ƙafa. Mata muna wurin wanki muna leƙe. Toribia ta ce, "Ku ga miji na gari, ba ya munshari, ba ya tambayar ina abinci." Muka yi ta dariya. Maza suka riƙa durƙusawa ɗaya bayan ɗaya suna danna shi. Mutumin nan kuwa bai durƙusa ba. Ya tsaya a baya ya dogara da sanda, wai shi mai sa ido ne. Gaskiyar magana, ba zai iya sa gwiwa a ƙasa wata yarinya tana gyara masa hannu ba. Amma da aka zo ɗaukar hoto, shi ya riƙe akwatin.

Fermina ta bar wankinta ta je ta laɓe a taga, ta kalli komai daga farko har ƙarshe. Da ta dawo ta ba mu labari. Ta ce a cikin akwatin akwai faci biyu masu manne da ake liƙawa a kan fata, ɗaya sama ta dama, ɗaya ƙasa ta hagu, kuma akwai almakashi. Ta ce wani ya tambayi Seño, almakashin na mene ne, ta ce na yanke riga ne. Ya ce in mace ce fa? Ta ce mace ma zuciya gare ta, kuma riga ba ta numfashi. Sai mijin 'yata ya ce daga baya, da ƙarfi don kowa ya ji, "Muddin ina riƙe da sandar nan ba za a tsiraita mace a filin ƙauyen nan ba."

Fermina ta kwaikwayi muryarsa, muka sake yin dariya. Ta ɗauki ƙunshin wanki ta nuna wa Toribia yadda ake ɗora hannu ɗaya kan ɗaya. Wannan shi ne duk karatun da matan ƙauyen nan suka samu.

Aka girbe masara. Motoci suka zo suka kwashe maza. Duk waɗanda suka durƙusa gaban mutum-mutumin nan suka tafi, ba wanda ya rage sai mai sanda, don sanda ba ta barin ƙauye.

Da safiyar ranar da na sauka kasuwa, Fermina tana wurin wanki. Tana sanye da rigar da na saƙa mata, mai tsuntsaye a wuya. Damina guda na yi ina saƙa rigar nan. Kun san irin rigunanmu, ba maɓalli, ba tsaga, ta ka ake sawa, a cusa ta cikin zane a naɗe da doguwar ɗamara. Tana cikin magana da Toribia a kan tsadar sabulu, sai ta yi shiru, ta dafa bakin kwamin, ta zame ƙasa.

Toribia ta girgiza ta, ta kira sunanta, ba amsa. Ta tura wata mata ta ɗauko akwatin, ita kuma ta ɗora hannu kamar yadda Fermina ta nuna mata ta fara dannawa. Daga wurin wanki zuwa bangon nan, ku da kanku kun san ba nisa. Aka kawo akwatin aka buɗe, na'urar ta fara magana. Ta ce a buɗe ƙirjin mara lafiya. Toribia ta ɗauki almakashi ta kama wuyan rigar.

A daidai nan ya iso. Ihun mata ya ji daga zaure. Ya ga matarsa a ƙasa, ya ga almakashi. Ya kuma ga tsofaffin da ke shan hantsi a gindin bango, da wani baƙo mai tallar tukwane da ya ajiye kayansa yana kallo. Ya kama wuyan hannun Toribia.

Ya ce, "Me za ki yi?"

Ta ce, "Sake ni, compadre! Ba ka ji abin da yake cewa ba?"

Ya ce, "Ba a nan ba. Ku ɗauke ta a kai ta gida."

Ta ce, "Gidanka yana kan tudu! Za mu kewaye ta da mayafai, ba wanda zai ga komai. Mata, ku matso!"

Mata suka fara kwance mayafansu. Da ya yi shiru kawai, ya 'yan uwa. Ba a nemi ya yi komai ba, shiru kawai. Amma ya riga ya faɗi magana a gaban maza, kuma ga idanu a kansa. Ya ɗaga sandar ya ce, "Na ce a kai ta gida."

Aka sa ta a bargo. Tsofaffi ne suka ɗauka, suna hawa suna tsayawa su huta. Ba mai danna ƙirji a kan hanya, ta yaya za a danna? Toribia tana biye da akwatin a buɗe, tana kuka, na'urar kuma tana ta maimaita magana ɗaya: a buɗe ƙirji, a manna a kan fata. Duk tsawon hawan nan tana faɗa. Mutanen da ke gidajen bakin hanya sun ji ta.

Da suka isa ya kori kowa ya rufe ƙofa. Abin da ya faru a ciki shi da bakinsa ya gaya mini daga baya. Bai yanka rigar ba ko a nan. Ya tsaya warware ɗamara, ya yi ta kokawar cire rigar ta ka. Da ya zo kan facin nan biyu bai san inda ake sa su ba, domin ranar da aka koya yana tsaye a baya. Sai ya buɗe ƙofa ya kira Toribia, wadda ya hana. Ta liƙa su. Na'urar ta yi shiru tana saurare, sannan ta ce ba abin da za ta iya bugawa.

Na tambayi Seño Griselda daga baya. Na ce ta gaya mini gaskiya, da an yanka rigar a wurin wanki, da 'yata ta tashi? Ta ce, "Nan, ban sani ba. Wasu suna tashi, wasu ba sa tashi. Abin da na sani, a wurin wanki akwai dama, a kan tudu babu."

Bayan an yi jana'iza an gama addu'o'in kwanakin makoki, ya zo gidana da abu a naɗe. Ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu.

Ya ce, "Nan, ga rigarta. Ko zare ɗaya bai tsinke ba."

Na dube shi. Har a lokacin yana neman abin da zai riƙe ya ce ya yi daidai. Na ce, "Na saƙa ta ne don mai rai ta sa." Na karɓa na rufe ƙofa.

Ba wanda ya kai shi ƙara. Ba wanda ya zage shi a hanya. Abin da ya same shi a hankali ya zo. Maza suka dawo daga rake suka ji labari daga bakin matansu, kowa ya dubi tasa matar. In ya shigo zaure sai hira ta mutu. Da shekara ta juyo aka karɓi sanda aka ba wani, ba wanda ya miƙe ya yi masa godiya kamar yadda aka saba. Aka daina kiransa ya tsaya wa jariri a baftisma. Ranar biki ya zo ɗaukar waliyyi ya tarar an cika wuraren.

Ɗansa Eusebio, jikana, yana bakin teku lokacin da abin ya faru. Da ya dawo ya kwana a gidana, bai hau tudu ba. Bai daɗe ba ya bi masu tafiya Arewa, ƙetaren iyaka, neman aiki. 'Yarsa Rufina ta ɗan zauna tana dafa masa abinci ba ta ce masa uffan, sannan ta tafi babban birni aikin gida. Sukan kira ni a waya. Shi ba sa kiransa. Ku lura, ya 'yan uwa, ba shi kaɗai ya rasa su ba. Ni me na yi? Amma gidana ma ya zama ba motsin kowa. Zunubin mutum ɗaya ba ya tsayawa a ƙofarsa.

Ya koma zama a bencin ƙarshe na coci, daga baya ya daina zuwa. Ya daina bi ta filin gari. In zai je gona sai ya zaga ta bayan maƙabarta, don kada ya ga bangon nan. Mutumin da yake son a gan shi ya koma ba abin da yake gudu kamar ido. Gonar da ta fi ta kowa tsafta ciyawa ta cinye ta.

Nakan kai masa tortiya wani lokaci. Ba don na huce ba. Don na san da Fermina tana nan ba za ta so ya kwana da yunwa ba. In ajiye a kan dutsen bakin ƙofa in juyo. Wata rana ya tsayar da ni ya ba ni labarin abin da ya faru a ɗakin, kansa a ƙasa. Ya ce har yanzu yana jin muryar na'urar. Ya ce, "Nan, da mene ne zai ragu a jikina in na yi shiru?" Na juya na gangaro gida.

Ana nan Seño Griselda ta dawo, sabon mai sanda ya ce a koya wa duk mai so. Mata suka cika zaure har waje. Na je da rigar Fermina na ce a sa wa mutum-mutumin. Aka sa masa. Seño ta miƙa almakashi ta ce wa zai fara. Ba wadda ta motsa. Kowace mace a nan ta san wahalar saƙa, hannu ba ya son yanka irin wannan aiki. Toribia ta ce, "Comadre, kawo wata tsohuwa mana, wannan ai ta yi kyau da yawa." Na ce ai shi ya sa na kawo ta. Na karɓi almakashin na sa a wuya, tsakanin tsuntsayen nan biyu, na yanka har ƙasa. Bai ɗauke ni komai ba. Kafin a ja numfashi uku na gama. Abin da aka hana 'yata ke nan.

A ranar muka tsara abin da kuka ga muna yi yanzu. In mace ta faɗi, wasu su kewaye ta su ɗaga mayafai su juya baya, wasu su yi aiki a ciki. Kunya tana nan, rai ma yana nan. Abin da Toribia ta roƙa ke nan tun farko.

Shi kuwa, wata safiya na hau da tortiya na tarar na jiya suna nan kan dutse, kare ma bai taɓa ba. Yana kwance a bakin ƙofa, fuskarsa tana kallon gangare, wajen filin gari. Ya daɗe da sanyi. Rigarsa a yage take tun daga wuya, maɓallan sun watse a ƙasa. Da hannunsa ya yaga ta. Ya ji abin yana zuwa, ya buɗe ƙirjinsa, ya jira. A ƙasa ga akwati a bango, ga mata da yawa da suka iya aiki da shi. Amma wa zai ji faɗuwar mutumin da ba wanda ke hawa gidansa sai ni tsohuwa?

Mu kaɗan ne muka raka shi. 'Ya'yansa ba su zo ba.

Ya 'yan uwa, mene ne ya halaka mutumin nan? In kun tambaye shi a ranar zai ce kunya yake karewa, mutuncin matarsa yake karewa. Amma mata sun ba shi mayafai ya ƙi. Ashe ba tsiraicinta yake tsoro ba. Tsoronsa a ga ya janye magana. Girman kai ne ya sa rigar kunya ya shigo, shi ya sa bai gane shi ba. Irin wannan zunubin ya fi wuyar kamawa, domin mai yin sa yana jin kamar aikin kirki yake yi.

Ku maza da ke zaune a nan, wace magana kuka faɗa a gaban mutane da kuke riƙe da ita har yau, alhali kun san ba daidai ba ce? Wa ke biyan kuɗinta a gidajenku? Ku mata, mu ma muna da namu. Kowa ya duba. In aka ce ka durƙusa ka koya, ka durƙusa, ko wanda zai koya maka jikanka ne. In abin taimako ya zo ƙauye, kada ka tambayi wa ya cancanci a gan shi da shi, ka tambayi wa zai kasance a nan ranar da za a buƙace shi. Riga ana saƙa wata. Ni da nake gaya muku, na saƙa da yawa tun daga lokacin, ba wadda ta dawo mini da mai sawa.

Allah ya tsare mu daga girman kan da ke zuwa da kamannin kirki. Allah ya ba mu ikon yin shiru a lokacin da shiru zai ceci rai. Allah ya jiƙan Fermina. Shi ma Allah ya dube shi da rahama, domin ya sha abin da ya sha tun a nan. Allah ya kiyaye mu, mu da waɗanda ke ƙarƙashin maganarmu. Amin.

Kullum da safe in zan kai masara injin niƙa, ta bangon nan nake bi. In tsaya in ga koriyar fitilar akwatin tana kyaftawa. In buɗe murfin in ɗauko almakashin, in buɗe shi in rufe, in tabbatar bai yi tsatsa ba. Sai in mayar da shi a sama, inda hannu zai fara taɓawa, in ɗauki bokitina in wuce.